Sunan da Na Rubuta a Bakin Rijiya

Boɗinga,
ranar Litinin da hantsi.

Zuwa ga jikana Haliru,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarka da ta mahaifinka da ta mutanen gidan baki ɗaya. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya sauƙaƙe maka shirin tafiyar nan ta Turai, ya tsare ka a hanya da inda za ka sauka. Mu nan lafiya lau, sai rana da ƙishirwar da ka sani. Kakarka Hajo tana gaishe ka. Ta ce in gaya wa angonta ta daka masa kuka da yaji na tafiya. Na nemi ɗan yajin in ɗanɗana, ta ce ba don ni aka yi ba.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Akwai maganar da na kasa faɗa maka baki da baki ranar da muka dawo daga taro, kuma kwanakin da suka rage maka ba su da yawa. Ka zauna ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Zan fara da murna, domin ita ce gaskiya ta farko. Tun da nake ban taɓa shiga ɗaki irin wancan na jami'a ba. Da aka ce za a karrama matasa masu bincike a kan ruwa, na ɗauka za a miƙa muku takarda ne kawai a watse. Sai ga babban malaminku ya tashi yana faɗin aikin kowa ɗaya bayan ɗaya, da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa saboda irinmu. Da ya zo kanka ya ce shekara biyu ka yi kana yawo a kan keke tsakanin ƙauyukan Boɗinga da na Shagari, kana zura igiyar awo a rijiyoyi rani da damina. Ya ce ka gano cewa a wannan farin da ake ciki, rijiyoyin da ba su ƙafe ba su ne waɗanda aka wuce ruwan farko, aka fasa yumɓun da ke ƙarƙashinsa, aka kai ga yashi. Ya ce yawancinsu suna ɗauke da suna ɗaya a bakin siminti, Garba Magini, kuma mai sunan yana cikin ɗakin, ya miƙe a gan shi. Na miƙe. Aka yi ta tafi. Hawaye suna zuba cikin gemuna, ban ko share ba. Ka sa an tafa wa mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin rami. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka jikan da zai yi maka haka.

Amma na ga wani abu a wurin. Kafin a kira ka an kira yarinyar nan Balkisu, wadda ta bi ƙauyukan da ke shan ruwan tafki tana duba masu kurkunu. Ita aka sa gaba, kuma tafin da aka yi mata ya fi naka tsawo. Ina kusa da kai. Ka tafa sau biyu, ka ɗora hannuwanka a gwiwa, ka tsura wa takalmanka ido. A mota kuma, mahaifinka yana yabon ta, sai ka ce, "Ai nata ƙidayar ƙafafu ne kawai, kowa zai iya." Mahaifinka ya yi dariya. Ni ban yi ba, domin na san muryar nan. Tawa ce. Na shekara fiye da talatin ina magana da ita.

Ka san sunan Ɗan-Ige na Horo Birni, amma ba ka san shi ba, domin na tabbatar ba a yawan ambatonsa a gidana. Abokin aikina ne. Mun haɗu muna magidanta, lokacin da ake ba da aikin rijiyoyin gari, muka haɗa hannu. Na girme shi, na fi shi ƙarfi, kuma na fi shi iya miƙar da rami da ɗaure bango kada ya rufta. Wannan kam ba yabon kai ba ne. Amma shi Allah ya ba shi abin da bai ba ni ba. Idan muka isa gari, sai ya yi ta zagaye shi kaɗai, yana duban itatuwa da suri da inda ciyawa ta fi daɗewa kafin ta bushe. Idan an fara gina, duk gugan ƙasar da aka fito da shi sai ya damƙa, ya murza, ya sansana, wani lokaci ya ɗora a harshe. Daga nan ya ce a ci gaba, ko a bari a matsa gabas. Ban taɓa ganin ya yi kuskure ba, kuma Allah ya sani na jira ganin hakan.

Mutane suka gane. Mu biyu za mu isa ƙofar hakimi, a shimfiɗa tabarma, a fara gaishe shi. Ni a ce, "Sannu kai ma." Furar da za a kawo, gabansa ake ajiyewa, shi ne zai turo mani. Bai taɓa yi mani gori ba. Da ya yi, da na samu dalili. Rashin dalilin ya fi ci mani rai.

Kuskurena na farko a nan ya faru. Aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a nan Boɗinga, bayan la'asar, a zauren wani attajiri. Na sa sunana. Kowa yana cewa Garba yana son ilimi, ni ma na bar su a haka. Gaskiyar ita ce ina neman abu guda da zan riƙe wanda Ɗan-Ige ba shi da shi. Da ya ji, ya zo da murna ya ce in kai shi wurin malamin, tunda lokacin yana kwana gidana idan muna aiki a wannan yanki. Na ce masa rajista ta cika, sai baɗi. Ba ta cika ba, rabin tabarmar ma babu kowa. Da baɗi ta zo na ce an daina ɗaukar waɗanda ba 'yan gari ba. Bai sake tambaya ba. Har yau bai san baƙi ko ɗaya na boko ba.

Haliru, inda za ka akwai ƙofofi da yawa da za ka riga wasu sani: wane malami ne ke taimako, ina ake neman gurbin karatu, wane littafi ne ke da amsa. Wata rana wani da kake jin ya fi ka zai tambaye ka hanya. Za ka ji bakinka ya yi nauyi, kuma za ka samu hujja mai kyau ta yin shiru. Ka faɗa masa nan take, kafin hujjar ta gama haɗuwa a ranka. Ni rufe masa ƙofa bai ƙara mani sanin ƙasa ko kaɗan ba. Ya dai sa ba ni da wanda zan yi bitar karatu da shi a bakin rami.

Na biyu ya fi wannan muni, kuma shi ne ya shafe ka. A da, idan an gama rijiyar gari aka shafe bakinta da siminti, al'adarmu ita ce maginan su danna tafin hannunsu kafin ya bushe. Hannuna da na Ɗan-Ige, gefe da gefe. Haka muke yi. Bayan na iya haɗa baƙaƙe, ranar da muka gama wata rijiya, na ce masa yanzu zamani ya canza, danna hannu aikin jahilai ne, rubutu ake yi. Na ɗauki ƙusa na durƙusa na rubuta. Yana tsaye a kaina yana kallo, yana murmushi kamar shi ne ya iya.

"Mi kar rubuta nan, Garba?"

"Sunana da naka."

"Wane na nawa?"

Na nuna masa kalma ta biyu, Magini. Ya sunkuya ya daɗe yana duban ta. Ya ce, "Ashe sunana ya fi naka tsawo." Muka yi dariya tare.

Na gaya wa kaina sau ɗaya ne, wasa ne. Amma a rijiya ta gaba ma haka na yi, da wadda ta biyo ta. Duk wadda muka gama, shi da kansa yake nemo mani ƙusa. Wani lokaci yana kiran mutanen gari ya nuna masu kalmar ya ce ga sunansa. A lokacin masu karatun boko a ƙauyuka ba su da yawa, babu wanda ya ce uffan. Waɗannan su ne rubuce-rubucen da ka bi kana kwafewa a littafinka. Ni na rubuta su, amma ba ni na nuna inda za a gina ba, kuma ba ni na ce a fasa yumɓu ba.

A kan fasa yumɓun ma muka rabu. Wani ƙauye ne kudu da Shagari. Mun yi kwanaki muna gina, sai ruwa ya ɓullo. Ina cikin rami, na ji mata suna guɗa a sama. Na fito na ce wa mai gari an gama, a kawo siminti. Ɗan-Ige ya sa hannu a gugan, ya murza lakar da ta biyo ruwan, ya ce wannan ruwan ƙarya ne, yana zaune ne a kan yumɓu kamar ruwa a faranti, rani ɗaya mai tsanani zai shanye shi. Ya ce sai an kwashe, an ɗaure, an fasa ƙasa. Na ce ni ne babba, kuma ni na ga idon ruwan da idona. Mai gari ya dube ni, ya dube shi, ya ce, "A yi yadda Ɗan-Ige ya ce." A gaban jama'a, har da surukin ƙanena da ya zo kallo.

Kusan wata guda muka ƙara. Kullum ina cikin rami ina sara, ina addu'a a zuciyata kada a samu komai. Ka ji abin da na faɗa. Gari guda yana jiran ruwa, ni ina roƙon Allah ya hana, don kawai a ce Garba ya yi daidai. Da dagi ya faɗa cikin yashi ruwa ya taso har ƙirjina, kowa yana kabbara, ni ji na yi kamar an yi mani mutuwa. Na rubuta suna a bakinta kamar yadda na saba, na naɗe igiyata, na ce masa daga yau kowa ya kama gabansa. Ya tambaye ni abin da ya yi. Na ce babu komai. Ya bi ni har bakin hanya yana tambaya.

Ka kula da wannan a aikinka. Duk ranar da ka ji ka fi son abokin aikinka ya yi kuskure a kan mutane su samu ruwa, ka ajiye alƙalami, ka yi alwala, ka je ka zauna da wanda zai gaya maka gaskiya. Ba a gane wannan ciwo da wuri, domin yana zuwa da kayan mutunci. Ni ina ce masa kare girma.

Bayan rabuwarmu aikin rijiyoyin gari ya bi Ɗan-Ige. Ni na koma rijiyoyin cikin gida, waɗanda ake ɗaure bakinsu da itace, babu siminti balle rubutu. Ina ganin ruwa nake tsayawa. A shekarun da sama ke zubarwa babu wanda ya gane bambanci. Yanzu da fari ya zo, ka zagaya unguwarmu ka leƙa. Rijiyoyin da ka rubuta a littafinka cewa sun ƙafe kuma ba a san maginin su ba, da yawa nawa ne. Har ta gidanmu, wadda kakarka take zura guga ta fito da laka.

Kuskurena na ƙarshe bai daɗe ba, bara ne, kuma kai na yi wa. Ka tuna ranar da ka dawo da yamma kekenka ya yi faci, ka zauna a zaure kana shan fura, ka ce, "Kaka, akwai wasu rijiyoyi a wajen Horo Birni da ba su ƙafe ba, amma babu sunanka, sai tafin hannu ɗaya. Na wane ne?" Ƙofa ta buɗe mani ranar. Da na ce na Ɗan-Ige ne, je ka same shi, da yanzu ba na rubuta wannan takarda. Amma na dube ka, ga littafi a cinyarka, ga yadda kake kallona kamar babu wanda ya kai ni a duniya. Na tuna idan ka je wurinsa, wannan kallon shi za ka yi wa. Sai na ce, "Na yarana ne da na koya wa aiki." Ka rubuta. Na ga alƙalaminka yana tafiya, ban hana ka ba.

To ga abin da ya tilasta ni magana. Kwana biyu bayan taro, mutum biyu daga ƙaramar hukuma suka yi sallama a ƙofata. Sun ji sunana a rediyo. Suka ce na san halin da ake ciki na tsuke bakin aljihu, sabulu da madara ma sai an yi layi, siminti kuwa sai wanda ya gani. Da ƙyar suka samu na rijiya biyu, kuma ba su san ranar da za a sake samu ba. Akwai ƙauyuka biyu da mata ke fita tun asuba neman ruwa ba su dawowa sai rana ta take, abin da suke samowa kuma na tafki ne. Suna so in je in nuna wurin da za a gina, in tsaya a kan aikin, tunda binciken jami'a ya tabbatar rijiyata ba ta ƙafewa. Na tambaye su yadda aka zaɓi ƙauyukan. Suka ce daga takardar Balkisu, su ne inda kurkunu ya fi kwantar da mutane. Ka ji ƙidayar ƙafafun da ka raina.

Na ce su dawo ranar Jumma'a. Da suka tafi na kasa tashi daga tabarma. Haliru, ban san inda ruwa yake ba. Ban taɓa sani ba. Idan na je na nuna wuri da sandata aka zuba simintin nan a ramin banza, babu wani simintin, kuma matan nan za su ci gaba da tafiya saboda ƙusar da na riƙe shekaru talatin da suka wuce.

Jiya Lahadi na shiga motar Shagari, daga can na samu mai jaki ya raka ni Horo Birni. Na same shi a ƙofar gida, a inuwar bedi, wato dogon yaro, yana tufka igiya. Idanunsa sun tafi, shekara shida ke nan, ban taɓa zuwa duba shi ba. Na yi sallama. Bai ɗago ba ya ce, "Garba na. Har yanzu kana jan ƙafar hagu." Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, irin ta mutanen da ke tsoron abin da zai biyo baya. Aka kawo ruwa, mai sanyi, garau. Na sha, na san daga inda ya fito.

Na faɗa masa komai, tun daga rajistar aji har zuwa abin da na gaya maka bara. Bai daina tufka ba. Da na gama ya ce, "Maganar suna, na daɗe da sani. Wani malamin firamare anka kawo garin nan, na kai shi bakin rijiya ina fahari, nic ce ya karanta mani sunana. Yak karanta. Nic ce sake. Yas sake."

Na ce, "Me ya hana ka zuwa ka same ni?"

"Na zo. Har Boɗinga niz zo, da sanda. Na hango ka kana ɗauke da ɗanka a wuya kuna sayen rake, sai nij juya. Amma kada ka ɗauka waliyyi ni ke. Na koma na ɗauki dutse na hau sunan da duka. Sau biyu nib buga, baƙi ɗaya ya fita, sai nij ji tsoron kada bakin rijiya ya tsage." Ya yi dariya har da tari. Idan ka duba littafinka za ka ga wata da aka rubuta Garb. Ita ce.

Maganar aji kuwa bai sani ba sai jiya. Nan ya ajiye igiyar. Sannan ya ce, "Wagga ta fi zafi. Da na iya, da na rubuta abin da ni sani tun ina gani." Na roƙi gafara, ya ce zai duba, ba yau ba. Ban ga laifinsa ba.

Sai ya ce wani abu da ban zata ba. Ya ce ranar da aka faɗi sunanka a rediyo yana zaune a wurin nan, jikokinsa suna gefe. Ya ce bai ji zafin sunana da aka ambata ba, ya saba. Abin da ya hana shi cin tuwo shi ne kai, Haliru. Ya ce mani, "Kai da ba ka san ƙasa ba, Allah ya ba ka jika mai auna ruwa. Ni nawa duka shanu da gero. Ina adalci nan, Garba?" Na ce masa ashe dai mu biyu ne masu ciwon nan. Ya ce, "A'a, kada ka haɗa. Ni ban rubuta komi bisa siminti ba."

Na kawo maganar rijiyoyi biyun. Ya ce makaho zai nuna ruwa? Na ce hannunsa da harshensa ba su makance ba. Ya yarda, amma da sharaɗi biyu. Na farko, ka zo da littafinka ka zauna gabansa, ya faɗa maka abin da ya sani game da ƙasar nan tun daga Boɗinga har iyakar Shagari, ka rubuta kafin ka tafi, domin bai san ko za ka dawo ka same shi ba. Na biyu nawa ne. Ni zan riƙe masa sanda a ƙauyukan nan, ni zan gaya masa itatuwan da ke wurin, ni zan ɗebo ƙasa in zuba masa a hannu. Kuma idan mun isa ƙofar mai gari aka fara gaishe ni, tunda ni aka ji a rediyo, da bakina zan ce ba ni ba ne, ga mai aikin. Na ce na yarda. Tun jiya nake gwada faɗin kalmomin a bayan gida.

Yanzu ga abin da nake roƙonka. Ka ce mani za a buga aikinku a littafi, kuma an ba ku lokaci ku gyara abin da ke buƙatar gyara. Ka je wurin malaminka da ƙafarka, kafin wani ya riga ka, ka gaya masa kakanka ya yi maka ƙarya. Ka faɗe ta haka, kada ka sassauta don ni. A cire sunana daga inda ba wurinsa ba, a sa Muhammadu Ɗan-Ige na Horo Birni. Na san abin da zai zo maka a rai: kada a ce aikinka yana da rami, kada a karɓe takardar da aka ba ka, kada masu jiran ka faɗi su samu abin faɗa ana saura kwana kaɗan ka tashi. Ban san dokokinku ba, ba zan ce maka babu abin da zai faru ba. Abin da na sani shi ne awonka gaskiya ne. Igiyarka ba ta yi ƙarya ba, ruwa yana inda ka ce yake. Ni ne na ɓata maka layi ɗaya, kuma gyara layi ɗaya yau ya fi sauƙi a kan ɗaukarsa shekara talatin. Na gwada, na san nauyinsa.

Ka kuma nemi Balkisu kafin ka tafi. Ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ka ce mata aikinta ya kai ruwa ƙauye biyu, domin wataƙila ba ta ma ji ba. Ka tambaye ta sauran ƙauyukan da ke cikin takardarta, ka ba ta naka awon. Zafin da ka ji ranar taro ba zai tafi don ka yi haka ba, kada in ruɗe ka. Zai dawo duk lokacin da aka kira wani kafin kai, kuma a Turai za a kira da yawa. Ba a hana zuciya ji. Hannu da baki ake tsarewa, su ne suke barin abin da ba ya gogewa.

Ka zo ranar Alhamis da safe, mu wuce Horo Birni tare. Ka taho da goro mai kyau, fari yake so. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka kira shi Baba, kada ka katse shi idan yana magana ko da ya yi nisa, yana dawowa kan hanya da kansa. Ni zan zauna a gefe. Ina gaya maka tun yanzu, idan na ga ka buɗe littafi a gabansa kana gyaɗa kai, raina zai ɓaci. Tsufa bai warkar da ni ba. Idan ka ga na tashi na zagaya bayan gida, kada ka biyo ni, kada ka rufe littafin. Ka ci gaba da rubutu.

Idan kuma bayan an gyara akwai ɗan wuri a ƙasan shafi, kana iya cewa Garba na Boɗinga ne ya ɗaure bangayen, kuma babu wanda ya rufta har yau. Wannan gaskiya ce, shi ma zai shaida. Idan babu wuri, ka bari.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya. Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ruwa da na baƙin wuri, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa ka yi murna da alherin da ya ba waninka. Ya ba ƙasar nan damina mai albarka, ya shayar da mutane da dabbobi. Ka yafe mani, ka kuma sa ni a addu'a ranar Jumma'a, idan mutanen hukuma sun dawo sun kai mu, lokacin da zan tsaya a ƙofar mai gari da sandar Ɗan-Ige a hannuna.

Ni ne kakanka,
Garba.